Sifikar Bayan Kujera

Shafi na 23

Na ga saƙonninku a ƙasan shafin da ya wuce, masu cewa Fauziyya ta haɗa kayanta ta koma gidansu Toranke, da masu cewa ta ƙara haƙuri. Kowa ya riƙe hukuncinsa tukuna.

*

Bayan azahar kaɗan adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gidan. Fauziyya tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta ji muryar Ɗantani mai kayan wuta yana cewa a bi babban kwalin a hankali. Ba ta ɗaga kai ba. Ta san abin da aka kawo, ta kuma san geron da suka noma a Gafasa ne za a fitar a biya shi.

Mijinta Sharfaddeen ya shigo rungume da kwali, hularsa duk ƙaiƙayi, don daga injin casar shinkafar da yake aiki ya wuce shagon.

"Sannu da zuwa, Abban Ummi. In zubo abinci?"

Ya wuce ta ya shige falo, ko waiwaye bai yi ba.

Abin da take fama da shi ke nan tun damina. In abokansa suka yi magana a zaure, yana amsawa har da dariya. In ita ce, sai shiru, ko ya ce "uhm" ya ci gaba da abin da yake yi. Da yamma ya zauna gaban talabijin ya ƙure ƙara har kwanukan kan kanta su dinga rawa, yana mitar wai hom tiyatar da suke da ita tun aurensu, wato sifikun da ake jonawa da talabijin, ta mutu, magana ba ta fita. Ya canja wayoyi, ya kai ta gyara, ya dawo da ita, mitar ba ta ƙare ba.

Ɗantani ya leƙo daga ƙofar falo. Abokin Sharfaddeen ne tun firamare, yana da shago kusa da tashar Gaya, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Matarmu, ajiye shinkafar nan ki zo ki zama alƙaliya. Mijinki ba abin da ke burge shi a shagona, shi ya sa na kwaso shagon na biyo shi gida."

Ba ta so zuwa ba. Amma ta saka hijabi, ta ɗauko ruwa a jug ta ajiye musu, ta tsaya jikin ƙofa.

Kaya uku aka jera a ƙasa. Ga tsohuwarsu, sifika biyu da ƙaramar wufa, mai fitar da rugugi, da fentinta ya koɗe. Ga wata doguwa siririya kamar sanda, wadda ake shimfiɗawa a ƙasan talabijin. Ga kuma babbar, ƙananan sifiku biyar da wufa mai girman akwatin amarya.

"Abu ɗaya zan saka a kowacce, don kada a ce na yi wayo," in ji Ɗantani yana cusa filas, 'yar na'urar da ya tara shirye-shirye a ciki. "Da tsohuwarka za mu fara."

Wasan ƙwallo ne aka naɗa. Ihun 'yan kallo ya cika falon, mai sharhi yana ta zuba. Fauziyya ta ji kowace kalma.

Sharfaddeen ya girgiza kai. "Ka ji ko? Gurnani kawai."

Ɗantani ya zare waya ya jona mai kama da sanda. "Wannan ba ta son hayaniya, magana aka yi ta domin ta. Kuma tana kama waya ba sai da igiya ba. Saurara."

Gaskiya ta fi tsohuwar tsabta. Har numfashin mai sharhin ana ji. Ɗantani ya tsallaka zuwa wani shirin noma, wata mata tana bayanin yadda ake adana wake.

"Me take cewa?" Sharfaddeen ya matso bakin kujera. "Kamar ta cusa kanta a tulu take magana. Ƙara mata."

Ɗantani ya ƙara.

"Ƙara dai."

Ya ƙara har gilashin taga ya fara zuzu. Fauziyya ta ɗan ja baya.

"Wannan ma ba ta yi ba," in ji Sharfaddeen. "Haɗa babbar. Na san ita ce maganin abin."

"Ai dama ita na fi so ka ɗauka," Ɗantani ya ce yana dariya. "Wannan in aka ci ƙwallo, sai ka duba bayanka ka ga ko wani ne ya shigo."

Ya ɗauki lokaci yana jan wayoyi ta bayan kujeru. Uku ya jera a gaba, biyu ya ɗora a kan ƙananan tebura a bayan kujerar da Sharfaddeen ke zaune. Ya share gumi ya ɗauki rimot.

"Tana da gwaji. Kowace sifika za ta yi ƙara ita kaɗai, mu tabbatar duk sun kama. Ga wufa."

Ƙasa ta yi rugugi. Fuskar Sharfaddeen ta washe.

"Yauwa. Wannan ita ce ƙara."

"Saura na baya."

Wata siririyar ƙara ta tashi daga bayan kujerar, shiiii, kamar yayyafi a kan kwano. Fauziyya daga bakin ƙofa tana jin ta sarai.

Sharfaddeen ya zauna yana jira. Ya dubi abokinsa.

"To saka mana."

Ɗantani ya tsaya da rimot a hannu. "Ai tana yi."

"Wacce?"

"Ta bayanka. Ga ta nan dab da kai."

Sharfaddeen ya juya. Ya kalli sifikar. Ya sunkuya ya kara kunnensa a jikinta, ya daɗe a haka. Fauziyya tana kallon gefen fuskarsa.

"Wayar ce ba ta zauna ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ɗantani bai taɓa wayar ba. Ƙara kawai ya yi ta dannawa, har ƙarar ta fara sukar kunnen Fauziyya.

"Yauwa, yanzu ta kawo," in ji Sharfaddeen.

Ɗantani ya kashe. Ya ɗago ya dubi Fauziyya, ya mayar da idonsa kan kafet.

Wani abu ya ɗarsu a ranta. Ta taka a hankali ta tsaya bayan kujerar, inda ba zai ga bakinta ba. Da muryar da take masa magana kullum ta ce,

"Abban Ummi."

Bai motsa ba. Yana juya rimot a hannunsa.

"Abban Ummi, da kai nake."

Shiru.

Ɗantani ya gane abin da take yi. Ya kau da kai gefe, da kaurin muryarsa ya ce, ba da ƙarfi ba,

"Sharfaddeen."

"Na'am?"

 Ta dafa bayan kujerar.

Ɗantani ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Bari in leƙa masallaci, la'asar ta kusa. Kayan su tsaya a nan, ku yi shawara." Ya ɗauki takalminsa ya fita, wannan karon ba wasa a bakinsa.

Fauziyya ta zare filogi daga bango. Falon ya yi tsit. Ta zagayo ta zauna a kafet gabansa, ta ɗaga kai yadda zai ga fuskarta.

"Dube ni."

Ya dube ta.

"Tun yaushe ba ka ji sosai?"

"Wa ya ce miki ba na ji? Ba ga shi muna magana ba?"

"Bakina kake kallo."

"Fauziyya, kada ki ɗora min abin da ba ni da shi. Kayan Ɗantani ne ba su da kyau. Gobe in shiga Kano in nemo na gaske."

"Na tsaya a bayanka yanzu na kira ka. Na sake kira. Ɗantani shaida ne."

 Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana murza ta, ƙaiƙayi na zuba a ƙasa.

"Ba faɗa nake ba," ta ce a hankali, tana fitar da kowace kalma. "Sani nake son yi."

 Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba.

"Gyare ne ya fara."

"Gyare?"

"A kunnena. In na taso daga inji sai in ji kamar gyare na kuka. Da can in na kwana yakan tafi. Daga baya ya daina tafiya. Ko yanzu yana nan." Ya taɓa gefen kansa. "Muryar maza ina kamawa. Taki, da ta Ummi, sai in ga baki yana motsi, rabin maganar ta zube a hanya. In kina bayana kuwa ba na ma sanin kin yi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ki riski babana da lafiyarsa ba." Ya dubi hular da ke gwiwarsa. "Mutum ne da ake tara jama'a don a ji shawararsa. Da kunnensa ya tafi, sai aka koma yi masa ihu kamar yaro. A zauna ana hira a gabansa, a yi dariya, shi ma ya yi, bai san me aka ce ba. Wata rana na ga ana zaginsa yana murmushi. Ni ban kai arba'in ba, Fauziyya."

Ta matso kusa da shi, ya ci gaba.

"Shi ya sa na kama hom tiyatar nan. Kullum in ce ita ce. In ita ce ai da sauƙi, a fitar da gero a sayi sabuwa. Da Ɗantani ya jona babbar, wallahi addu'a nake a raina Allah Ya sa in ji matar nan mai maganar wake."

Hawaye suka zubo mata, amma wani nauyi ne yake sauka daga ƙirjinta, nauyin da ta kwana da shi ta tashi da shi tun damina. Ta rufe fuska da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa.

Ya sauko daga kujera ya durƙusa gabanta. "Ki yi haƙuri. Na san ba ki yi tsammanin za ki zauna da kurma ba."

Ta janye hijabin. Ya ga dariya take yi cikin kukan.

"Ni kuwa na ɗauka ni ce."

"Ke ce me?"

"Na ɗauka ka gaji da ni. In gaishe ka ka wuce. In tambaye ka abin da za a dafa ka ce uhm. Ka fita zaure in jiyo kana ƙyaƙyata dariya da abokinka Tukur. Me kake so in ɗauka? Na duba kaina ta ko'ina, na rasa laifin da na yi maka."

"Subhanallahi. Fauziyya, ni?"

"Ka tuna ranar da ka shige bayan talabijin kana canja wayoyi? Ranar da na ce zan kai Ummi wurin kitso, na daɗe ban dawo ba?"

Ya yi tunani. "Na tuna."

"Ba kitso kaɗai na je ba. Da na dawo na tsaya a nan, daidai inda kwalin nan yake, na gaya maka magana. Ka san abin da ka ce min?"

Ya girgiza kai, idonsa na kan leɓenta.

"Ka ce, miƙo min salatif."

"Me kika gaya min?"

"Na miƙa maka salatif ɗin, na tafi kicin na yi kukana."

"Don Allah me kika ce?"

Ta kama hannunsa. Ta matso da fuskarta, ta faɗa a sarari yadda ba kalmar da za ta zube.

"Na ce daga asibiti nake. Sun auna ni. Ina da ciki."

Sharfaddeen ya zauna daɓas a kan kafet.

Tun bayan Ummi, wadda yanzu har ta shiga firamare, sau ɗaya aka samu, shi ma bai zauna ba. Shi ne ya riƙe ta a lokacin, shi ne ya hana kowa ya yi mata zancen. Shi ya sa shirun da ya yi ranar salatif ya fi komai yi mata ciwo.

"Sake faɗa," ya ce.

"Ina da ciki, Abban Ummi."

"Na ji. Wannan na ji." Ya sa tafin hannu ya goge idonsa. "Alhamdulillahi. Kuma duk kwanakin nan kina tsintar shinkafa, kina jan ruwa, ni ina nan ina faɗa da waya."

"Ina jira ka ce min ko sannu."

"Sannu. Sannu, Fauziyya. Kina cin abinci kuwa? Me suka ce a asibitin? Lafiya yake?"

"Lafiya lau. Ni ce dai ba na iya barci."

"Yau za ki yi."

Suka zauna a haka tsakanin kwalaye da wayoyi, hannunta a cikin nasa. Daga masallaci ta jiyo an tayar da sallah. Ta nuna masa da yatsa, ta ce, "An tayar." Ya yi murmushi mai ɗan ɗaci, ya miƙe ya yi alwala ya fita da sauri.

Kafin su dawo ta wanke fuska, ta ɗora tukunya. Sai ta kama kanta tana 'yar waƙa a bakin murhu, abin da ta manta rabon da ta yi.

Tare suka shigo da Ɗantani. Da gani sun yi magana a hanya, don Ɗantani ya dawo da bakinsa.

"To alƙaliya, yanke hukunci. Amma ki ji tsoron Allah, ki tuna ni ma ina da iyali."

Fauziyya ta tsaya inda mijinta zai ga fuskarta.

"Gaskiya babbar tana da daɗi. Kamar a filin ake zaune. Amma falon nan bai kai girmanta ba, kuma wayoyinta kaɗai sun isa su kayar da Ummi. Mai sandar ta fi tamu fitar da magana, amma kaɗan ne, sai an kasa kunne."

"Tsohuwar fa?" Sharfaddeen ya tambaya.

"Ba abin da ya same ta. Tun ranar da ka kai ta gyara ma lafiyarta ƙalau."

Ɗantani ya dafe kai. "Shi ke nan, an kashe min kasuwa. Na ɗauko kaya tun daga tasha, na sha rana, na ja waya kamar mai ɗaurin rumfar biki." Ya fara naɗe igiyoyin a hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, amma da ƙarfi yadda abokinsa zai ji, "Ko ka ce za ka saya ba zan sayar maka ba. Ka je a duba kunnen nan tukuna. In an gyara, ka dawo mu sake gwaji, a lokacin in cuce ka da hujja."

Sharfaddeen ya yi dariya, irin wadda take jiyowa daga zaure. Yau a gabanta aka yi ta.

"Gobe zan je asibiti," ya ce yana kallonta. "In sun ce Kano, sai Kano. Zan kuma yi wa mai injin magana, ko ya mayar da ni wurin awo, in bar bakin inji."

"Tare za mu je."

"A halin da kike?"

"Wa zai ji abin da likita ya ce, in mace ce?"

Ɗantani ya tuntsire da dariya har sifika ta kusa suɓuce masa.

Suna cikin mayar da babbar wufar a kwalinta, su biyu suna kokawa da ita, Fauziyya ta ji mota ta tsaya a waje. An rufe ƙofa da ƙarfi. An yi sallama a zaure, muryar da ta sani tun tana goye.



Sai a lokacin ta tuna. Da safe, bayan ta gaishe shi ya fita bai amsa ba, ta kira mahaifiyarta Dada a gidan mahaifinta Baffa da ke Toranke. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta faɗi abin da ta ɓoye duk watannin nan, har da cewa ta gaya masa tana da ciki ya share ta, ta ce ita ta gaji.

Aka sake sallama, wannan karon a tsakar gida.

Sharfaddeen yana durƙushe ya ba ƙofa baya, yana danna murfin kwali, yana murmushi shi kaɗai. Daga nesa muryar ba ta iso kunnensa ba, bai juyo ba.

Labule ya ɗaga. Hamma Muhyiddeen ne, babban yayanta, makullin mota a hannu. Ya dubi kwalayen da suka cika falon. Ya dubi bayan surukin nasu da bai ko waiwayo ya amsa masa sallama ba. Ya dubi idanun ƙanwarsa da suka kumbura.

"Hamma, tsaya ka ji..."

"Na gani da idona, ba sai an faɗa min ba," ya ce. "Ɗauko mayafinki da na Ummi. Baffa ya ce kada in koma Toranke ba tare da ke ba."